Hoton Masuncin da Aka Haska

A harabar wani otal da ke bakin teku a Iskandariyya, ana hutun shayi a taron masana harkar kifi, wata mahalarciya mai suna Nagwa ta tare mutumin da ya gama jawabi.

"Kai ne Dakta Medhat? Tsohon nan da ka haska hotonsa, ka ce irinsa ne ke ƙarar da kifin teku, ka san sunansa?"

"Baiwar Allah, an rufe lokacin tambaya."

"Ni ban rufe ba."

"Sunansa ba shi ne zancen ba. Misali ne kawai."

"Misali? Ubana ne. Shekara arba'in yana su da kwalekwale ɗaya, in ƙaramin kifi ya shiga komarsa da hannunsa yake mayar da shi ruwa. Ka sa mutum ɗari uku sun yi masa dariya."

"To ni ina zan sani? Ɗalibina ne ya ɗauko hoton, ni ko ƙauyensu ban taɓa zuwa ba."

"Ba ka taɓa zuwa ba? Ɗazu ka ce wata shida ka yi a cikin masuntan."

Ya waiga, ya ga mutane sun daina juya cokali. Ya rage murya.

"Mu koma gefe, don Allah. Zan kira shi da kaina in ba shi haƙuri."

"Bara muka binne shi. Gefe kuma ba inda za ni. A gaban jama'a ka ci mutuncinsa, ga lasifika can ba a kashe ba."

Ya ajiye kofinsa, ta tasa shi gaba zuwa cikin zauren taron.