Jinjina ga Likitan Gindin Bishiya

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa da masu saurare. Ni ce Hawwa, mai kayan yaji a kasuwar Umdurman.

A miƙa min jinjina ga yayan mijina, Alhaji Bashir, babban likitan da ya yi karatunsa a gindin bishiya wajen mai shayi.

Ciwon huhu ya kwantar da mijina Usman a asibiti, aka sa masa injin numfashi, bututu har maƙogwaro. Da ya farfaɗo, hakima, wato likita, ta ce za su riƙa zaunar da shi a bakin gado suna motsa masa ƙafafu, tun injin na jikinsa, kada jiki ya saki. Alhaji ya shigo dubiya ya tarar da su. "Haram! Mutum yana hannun Allah kuna sa shi atisaye? Ku bar ƙanena ya huta!" Na ce, "Yaya, a bar su su yi aikinsu." Ya ce in yi shiru manya na magana. Ya yi ta ihu har suka janye.

Wani masuncin Jabal Awliya da ke gadon kusa, shi ma da injin a jikinsa, danginsa sun bari an yi masa atisayen. Ranar da aka sallame shi, da ƙafarsa ya je ya hau raksha, keke mai ƙafa uku.

Usman ya huta, Malama. Numfashi ya dawo, ƙafafu sun zama tsumma, ni nake cicciɓarsa zuwa banɗaki kafin in fita kasuwa. Alhaji kuwa gaisuwa yake aikowa ta waya.

Yaya, na san kana sauraro. Gobe ƙarfe nawa za ka zo ka ɗaga shi?