Kada Kowa Ya Taɓa Tabarmar Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban kwamitin iyaye. Shugabar makarantarmu, wadda ta ɗauke ni aiki kuma take ta haƙuri da taurin kaina. 'Yan kwamiti masu daraja. Malamai abokan aikina. Iyaye maza da suka rufe shaguna ko suka nemi izini a wurin aiki. Iyaye mata da suka bar tukunya a hannun wani suka taho. Kakanni, waɗanda na san jikoki ne suka jawo wasunku da rigima. Yayye da ƙannen iyaye da aka wakilto. Jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku gaisuwar girma, ina yi muku barka da zuwa.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu lafiya. Ina gode wa shugaba da ya ba ni dama in yi magana kafin a ɗaga hannu a yanke hukunci. Ina kuma gode wa Baban Auta, mai kemis, godiya ta musamman, domin abin da wasu suke faɗa a bakin ƙofar makaranta cikin raɗa, shi ya miƙe ya faɗe shi a gaban kowa, ido na ganin ido.

Saboda waɗanda suka shigo a makare, bari in maimaita abin da ya kawo. Ya nemi abu biyu: a riƙa ba yara aikin gida na rubutu, shafi-shafi, kowace rana, a kuma yanka safiyarmu gunduwa-gunduwa da ƙararrawa, kowane darasi da lokacinsa. Ya ce in ba a yi haka ba, ƙarshen wannan zango zai ɗauke 'yarsa ya kai ta inda ake yi. Ni ce malamar ƙaramin aji, na 'yan shekara shida zuwa tara, kuma Auta a hannuna take. Na nemi izininsa in yi magana a kanta a gabanku, ya ba ni. Ba na son in rasa yarinyar nan, kuma ba zan ɓoye muku hakan ba.

Magana ta farko ita ce abin da muke yi da safe, domin da yawanku bakin ƙofa kawai kuka sani.

A tsarin Montesori da makarantar nan take bi, yaro yana shigowa ya rataye jakarsa da kansa, ya jera takalmansa, ya wanke hannu, ya gaishe ni. Daga nan sai ya je kwandon da ke gefen taga ya ɗauko 'yar tabarma, ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya zaɓi aiki daga kan kanta cikin ayyukan da aka riga aka koya masa, ya ɗora a kai. Wani haruffa zai jera, wani taswira zai haɗa, wani 'yan duwatsun lissafi zai ƙirga. Ba ƙararrawa, ba mai cewa lokaci ya yi, har rana ta ɗaga sosai. Ni kuma ina zagawa, in zauna da wannan in koya masa sabon abu, in tashi in koma wurin waccan.

Tabarmar nan tana da doka guda, kuma ita ce uwar dokokin ajin: abin da ke kan tabarmar yaro nasa ne har sai ya gama ya naɗe ta. Ba a tsallake ta, ba a taka ta, ba a sa mata hannu. Ni kaina sai na ce, "In taɓa?" kafin in taɓa. In aka tashi bai gama ba, a nan aikin zai kwana, mai shara ta zagaye shi. Shugabar makaranta tana nan zaune, ku tambaye ta. Rannan ta shigo da baƙi, gefen zanenta ya share wa wani ɗan shekara shida haruffansa, ya ɗaga kai ya ce, "Malama babba, kin taka mini aiki." A gaban baƙin ta durƙusa ta ba shi haƙuri.

Me ya sa muka tsananta haka? Domin yaro ba ya zuba zuciyarsa a kan abin da ya san za a ƙwace masa. Kowane mai sana'a a ɗakin nan ya san wannan. Tela ya yanka yadi ya fara haɗawa, a buga masa ƙararrawa a ce ya koma gyaran takalmi, in an jima a sake bugawa a ce ya koma aski, yaushe rigar za ta fito? Ƙararrawar da ake nema, abin da za ta yi wa yaranku ke nan.

Magana ta biyu ita ce aikin gida. An ce ba ma bayarwa. Muna bayarwa, sai dai ba ya cika jaka, shi ya sa ba a ganinsa. Mukan ce yaro ya karanta wa wani a gida shafi ɗaya da babbar murya. Mukan ce ya ninke kayansa, ya jera cokula daidai da mutanen gidan, ya auna tsawon gadonsa da taƙin hannunsa ya zo ya faɗa mana. Wani lokaci mukan haɗa shi da ɗan aikin rubutu ko lissafi da ya fara a aji, ya je ya ci gaba.

To, wannan na ƙarshen, bari in gaya muku yadda yake dawowa. Yana dawowa fes, ba kuskure, ba gogewa, ba ko ɗigon tawada. Iyaye, ku yi mini afuwa, amma na san rubutun wasunku fiye da na 'ya'yanku. Na san uwar da take lanƙwasa wutsiyar harafi, na san yayar da take rubutu a karkace, na san kakar da ba ta rubutu amma tana tsaye a kai tana cewa, "Kai, karɓi ka yi masa, yaron nan ya gaji." Akwai uban da ya tare ni a bakin ƙofa ransa a ɓace, wai me ya sa na ce lissafin nan akwai gyara, alhali sau biyu ya duba shi. Na ce, "Alhaji, kai ka duba, ko kai ka yi?" Sai ya tuna ya bar mota a kan hanya.

Kun yi dariya, ni ma nakan yi. Amma in na koma aji dariyar takan ƙare, domin kuskuren yaro shi ne yake nuna mini inda zan kama hannunsa. In kun goge shi, kun rufe mini ido. In aka ƙara shafuka kamar yadda ake nema, ku za a ƙara wa aiki, ni kuma a ƙara mini makanta.

Magana ta uku, wadda ita ce ta tsayar da ni a nan, Auta ce.

Yarinyar nan ta zo mana da ƙwazo kamar ta cinye kantar gaba ɗaya. Ita ce ta fari wajen kwandon tabarmi, ita ce ta ƙarshe wajen naɗewa. A zangon da ya wuce sai ta canza. Ta shigo, ta rataye jaka, ta tsaya a tsakiyar aji hannu a baya, tana bina da ido. Na zuba mata ido kwana da kwanaki, na ga abin ba mai wucewa ba ne. Wata safiya na durƙusa a gabanta.

Ta ce, "Malama, wanne zan yi?"

Na ce, "Wanda ranki yake so."

Ta ce, "Ki faɗa mini kawai. A gida ma faɗa mini ake yi."

Na ce, "To, ɗauko duwatsun nan da kike so, ki fara."

Sai ta ɗaga kafaɗa ta ce, "In na fara, ai ba ni zan ƙarasa ba."

Jama'a, maganar nan ta soke ni, kuma har yau ba ta sake ni ba. 'Yar shekara bakwai ce ta faɗe ta, ba kuka, ba fushi, kamar mai ba da labarin abin da kowa ya sani.

Maman Auta ta zo muka zauna, kuma Allah Ya saka mata, ba ta ɓoye mini komai ba. Gida ne na masu son 'yarsu. An ɗaukar mata malamin lesin, shi kuma yana son a ga aikinsa, sai ya kama hannunta da fensirin ya rubuta. In ya tafi, yayarta ta gyara abin da ya rage. In ta baza kayanta a falo, a kwashe saboda baƙi. In Baba ya dawo daga kemis a gajiye, ya duba, ya ga kuskure ɗaya, ya goge ya gyara don kada a ce 'yarsa ba ta iya ba. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya dake ta. Kowa taimako ya kawo, hannu ya yi yawa a kan aikin har nata ya rasa wurin zama.

Baban Auta, kai ka ga yarinya ta yi sanyi, hankalinka ya tashi, ka ce a ƙara aiki. Tashin hankalinka gaskiya ne, kuma nawa ne ni ma. A kan maganin ne kawai muka rabu.

Ga abin da nake roƙo, kuma zango ɗaya nake roƙo. Kowane gida a samar wa yaro 'yar tabarma, ko tsohuwar darduma, ko kusurwar ɗaki, a ce nan wurin aikinsa ne, a kuma ɗora mata dokar ajinmu. A tsayar da lokaci guda kullum, bayan ya ci abinci ya huta. A kashe talabijin, a kife waya, babba ya zauna kusa da nasa aikin, ko tsintar wake ce ko karatun jarida. In ya tambaye ku, ku amsa abin da ya tambaya, ku tsaya nan. In kun ga kuskure hannunku ya fara ƙaiƙayi, ku zauna a kan hannun. Ku aiko mini da aikin yadda yake, da karkatarsa da dattinsa. Da safe kuma ku kawo su da wuri, ku bar su su ɗauki jakarsu, domin wanda aka riƙe wa jaka har bakin aji yakan shigo yana jiran a riƙe masa sauran.

Ku ma kuna da haƙƙi a kaina. Kuna son ku ga abin da ake yi, kuma ya kamata ku gani. Akwai kujera a bayan ƙofar ajina. Duk wanda ya so ya zo ya zauna safiya guda ya kalla, sharaɗin kawai ya yi shiru. Batun ƙararrawa kuwa, in kun ɗaga hannu kun ce a buga, makaranta ba tawa ba ce, zan bi. Amma ku sani, kowane taro zan miƙe in nemi a cire ta, har ku gaji da muryata.

Saura abu ɗaya. A makon nan Auta ta ɗauko tabarma ba wanda ya ce mata. Lissafin rabawa ta zaɓa, mai tsawo, irin wanda ake raba duwatsu ga 'yan sanduna da aka jera kamar mutane, kowa ya sami daidai da ɗan'uwansa. Ba ta gama ba. Yana can a shimfiɗe a ajina, bayan wannan ɗakin, kuma na bar ƙofa a buɗe. In an tashi ku je ku gani.

Akwai kuskure a ciki. Ta ba wata sanda dutse ɗaya fiye da rabonta. Na gani tun jiya, na cije leɓe na wuce. Baban Auta, kai da kake ƙirga ƙwayoyin magani da ido kafin yatsa ya kai, kana shiga za ka gan shi. Ina roƙonka don girman Allah ka sa hannuwanka a aljihu. In ta kai ƙarshe, sanda ɗaya za ta rasa nata, Auta za ta koma baya ta nemo wadda ta ci rabon wata, kuma za ta same ta. Da za ta tafi gida ɗazu, ta tsaya a bakin ƙofa ta waiwayo ta ce, "Malama, kar a taɓa, ni zan ƙarasa." Na ce mata ba mai taɓawa. Alkawarin nan na ɗauka da bakina, amma ba zan iya cika shi ni kaɗai ba. Ka bar mana ita, Baban Auta, ta naɗe tabarmarta da hannunta.

Allah Ya raya mana yaran nan, Ya buɗe ƙirjinsu, Ya sa su zama masu fara abu su ƙarasa. Allah Ya saka wa iyaye da alheri a kan wahalar da ba mai gani, Ya ba mu haƙurin kallo a inda hannu yake son shiga. Allah Ya sa abin da za mu yanke yau ya zama alheri ga 'ya'yanmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.