Saniyar Gwangwani

Ina shan shayi a tashar motar Bauchi, saura wata biyu a ba da mulkin kai, sai wata Bafillatana ta sauke ƙwarya gaban mai shayin.

"Madara ce daga Gubi. Saya kafin rana ta ɓata min ita."

"Ta gwangwani direbobi ke so yanzu, Inna."

Ta ɗauki gwangwanin, ta duba hoton jikinsa. "Saniya ba tozo? Ta wace ruga ce?"

"Ta Turai. Jirgin ruwa ke kawo madararta."

"Ba a biya mata jangali, amma ta riga tawa shiga kasuwa?"

"Haka dai."

"In Turawan sun tashi tafiya, za su kora abarsu?"

"Gwamna aka ce zai tafi, Inna. Ban ji an ambaci saniya ba."