Abu Mai Ƙaho Biyu

MUJAHID: Alo, salamu alaikum. Wa ke magana?

GOGGO: Wa alaikumus salam. Au, har ka manta muryar yayar ubanka?

MUJAHID: Goggo Sakinatu! Wallahi lambar ce ban sani ba. Ina wuni?

GOGGO: Lafiya lau. Wayar Mairo maƙwabciyata na aro, ta sa mini ita a babbar murya ta tafi. Ina gajiya? Yaya garin Madani?

MUJAHID: Madani alhamdu lillahi, kasuwa ta fara dawowa. Yaya jikin? Yaya gwiwa?

GOGGO: Gwiwa tana nan inda ka bar ta. Yaya Raliya da goyo? Ya fara haƙori?

MUJAHID: Biyu sun fito, ya hana kowa sakat. Yaya hawasha, an samu ruwa bana?

GOGGO: Gona tana nan, ruwa kuwa sai ran da tur'a, magudanar ban-ruwan nan tamu, ta ga dama. Yaya gyaran wayoyi?

MUJAHID: Mun gode Allah. Ina Yaya Nasir?

GOGGO: Ya tafi kai dawa injin niƙa. Kana kusa da mutane?

MUJAHID: Ina cikin rumfata ni kaɗai. Lafiya dai?

GOGGO: Ja ƙofa.

MUJAHID: Rumfar ba ta da ƙofa, Goggo. Mi ya faru?

GOGGO: To ka rage murya. Bayan la'asar ɗin nan dattawan lajna, kwamitin garin nan, za su zo gidana, Malam Tahir a gaba. Sun ce in ba su gamsu ba, za su miƙa sunan yayanka ga masu shingen hanya. Ka san wanda aka miƙa sunansa can, uwarsa ba ta sanin ranar dawowarsa.

MUJAHID: Subhanallahi! Nasir? A kan mi?

GOGGO: A kan wani abu baƙi da ya zo da shi daga Khartum. Sun ce da shi ake tuƙa musayyara.

MUJAHID: Sayyara? Wace mota?

GOGGO: Ba mota ba! Musayyara, jirgin nan marar direba da ke shawagi bisa kawunan mutane. Sa'id mai shagon caji ya ce da idonsa ya leƙa lokacin da aka kai masa abin, ya ga gonaki daga sama, layi-layi, ga ruwa ya ratsa tsakani, ga kuma hoton jirgi a saman gilashin. Kafin azahar magana ta zaga gari har bakin masallaci.

MUJAHID: La ilaha. Goggo, na san abin nan. Na'urar wasa ce. Tun kafin yaƙi ya saye ta, lokacin yana aikin ɗab'i.

GOGGO: Haka na ce za ka ce. Nono ɗaya kuka sha wurina, ba za ka tona shi ba.

MUJAHID: Ke ma kina zarginsa ke nan?

GOGGO: Ni ban ce ba. Amma mutum ya dawo wata takwas, bai zama cikin tsara, bai zuwa biki, in ka yi masa magana sai ya ce na'am ya yi shiru. Da hantsi ya tafi gindin darbejiya ya duƙa kan abin nan, yatsu suna ta motsi. Ruwa ba ya tsami banza, Mujahid. Ni na haife shi, amma ba ni na haifi abin da ya gani a Khartum ba.

MUJAHID: Abin yana kusa da ke?

GOGGO: Yana kan cinyata. Na ciro shi daga ƙarƙashin katifarsa, na naɗe shi a zanen salla.

MUJAHID: To kwance. Faɗa mini abin da kike gani, kamar ban taɓa ganinsa ba.

GOGGO: Tsawonsa ya kai taƙi ɗaya da rabi. Nauyinsa kamar ƙaramin tulun man shanu, wuyan hannuna har ya fara ƙorafi. Tsakiya gilashi. Hagu da dama akwai ƙaho guda-guda, irin na ɗan akuya da bai gama tsirowa ba, in ka taɓa sai su langaɓe su dawo.

MUJAHID: Su ne sandunan wasa.

GOGGO: Su ne Sa'id ya ce, ɗaya na tashi, ɗaya na sauka.

MUJAHID: Sa'id jirgi nawa ya taɓa tuƙawa? Juya bayansa. Kin ga wani tsinke da ake miƙewa sama, irin na rediyo?

GOGGO: Babu tsinke. Akwai wasu maɓallai a ɓoye ta baya, har huɗu. Mai gaskiya mi ya kai shi ɓoye maɓalli a baya?

MUJAHID: Don yatsun da ke riƙe da shi su samu aiki. Gaskiya ma wurin nan sun yi dabara, sai dai sun yi shi don masu manyan hannuwa. Kalli gefen sama, akwai ɗan maɓalli shi kaɗai. Danna.

GOGGO: In danna? In wani abu ya tashi daga wani wuri fa?

MUJAHID: Babu abin da zai tashi sai gilashin.

GOGGO: Bismillahi. A'uzu... Ya yi haske. Mujahid! Yana kuka! Ka ji? Fuuu, fuuu, irin kukan nan dai da muka ji ran da muka kwanta cikin kwalbati!

MUJAHID: Fanka ce, Goggo, 'yar ƙarama a ciki. Sa hannu ta saman, za ki ji iska.

GOGGO: Iska mai zafi, kamar numfashin mai zazzaɓi.

MUJAHID: Aibinsa ke nan. An yi shi don ƙasashen sanyi. A zafinmu sai ya yi ta haki, batirin ko awa biyu ba ya kaiwa. Ki tambayi Sa'id da kansa sau nawa ake kai masa caji. Wa zai tuƙa jirgi da abin da ke suma kafin a gama dafa wake?

GOGGO: Wannan magana ce. Amma... Alo? Alo, Mujahid?

MUJAHID: Ina ji, shabaka ce, layin waya ke rawa. Matsa kusa da taga.

GOGGO: Na matsa. Ga shi nan. Wallahi ga shi nan. Sa'id bai yi ƙarya ba.

MUJAHID: Mi?

GOGGO: Jirgi. Ɗan ƙarami, fari, a kusurwar sama, fukafukai a buɗe.

MUJAHID: Ai wannan alama ce kawai. In mutum zai hau jirgi sai ya danna ta, na'ura ta yanke hulɗa da waje. Nasir yana barinta a kunne don batiri ya daɗe.

GOGGO: Yayanka ya taɓa hawa jirgi?

MUJAHID: A'a.

GOGGO: To mi ya kai hoton jirgi cikin kayan wanda bai taɓa hawa jirgi ba?

MUJAHID: Ma'anarta fa abin ba ya magana da kowa! Kurma ne, bebe ne!

GOGGO: A zana jirgi, a ce ma'anarsa babu jirgi. Kura ma da ta sa rawani cewa ta yi gaisuwar mutuwa ta zo yi gidan tumaki. Ka ajiye wannan, za mu dawo kansa. Ina gonakin?

MUJAHID: Akwai hotuna jere a gilashin? Wanne ne na farko?

GOGGO: Wani mai kore, da kaza a jiki.

MUJAHID: Danna maɓallin dama na ƙasa. Sake dannawa. Jira kaɗan, yana da nawa wurin buɗewa.

GOGGO: Fankar ta ƙara kuka... To. Ikon Allah. Ga gona daga sama, an yanka ta gida-gida kamar hawashoshinmu. Ga ruwa ya bi ta gefe. Ga wani ɗan mutum da malafa tsaye a tsakiya.

MUJAHID: Shi ne Nasir.

GOGGO: Wannan guntun?

MUJAHID: Shi ke motsa shi. Tura ƙahon hagu ki gani.

GOGGO: Ya tafi! Ya taka shuka! Kai, fita daga cikin tumatir! Yaya ake ce masa ya tsaya?

MUJAHID: Ki saki ƙahon.

GOGGO: Na saki. Mujahid. Na saki, amma yana tafiya. Hannuna biyu suna sama, Allah shaida, ga shi yana ta matsawa hagu shi kaɗai. Wa ke jan sa? Daga ina ake jan sa?

MUJAHID: Babu mai jan sa. Ƙura ce ta shiga gindin sandan. Cutar irin waɗannan ke nan, uku na gyara a watan jiya. Hura wurin da baki, ki jujjuya shi.

GOGGO: Kowace tambaya kana da amsarta a aljihu. Wannan ma abin tsoro ne.

MUJAHID: Sana'ata ce, Goggo. Hura dai.

GOGGO: Fuf. Fuf. Ya tsaya. To bari in duba da kyau, ka yi shiru. Gilashin nan yana ɗaukar ido, sai na kare shi da gyale... Tumatir. Kabewa. Wannan ban san shi ba. Ga kaji huɗu, ga saniya fara tas kamar an wanke ta da sabulu. Mujahid, ruwan nan na gefe tur'a ce?

MUJAHID: Kamar haka.

GOGGO: Shuɗi ne. Cike take har baki. Babu ciyawa ko ɗaya a cikinta, babu laka, har kifi nake gani yana wucewa.

MUJAHID: To?

GOGGO: To wace tur'a ce a duk yankin Jazira ba ta da ciyawa? Shekara arba'in ina ɗibar ruwa, ban taɓa ganin ƙasan tamu ba. In wannan hoton garinmu ne, to an ɗauke shi a Aljanna. Kuma dubi nan, tumatir ya nuna, kabewa ta nuna, ga wani itace ya yi 'ya'ya, duk rana ɗaya. Wane manomi zai ga wannan ya ce ƙasar Allah ce? Sa'id ɗan kanti ne, bai san kaka da rani ba.

MUJAHID: Alhamdu lillahi. Kin gani da idonki.

GOGGO: Kunyoyin nan kuwa ya ja su daidai, ya bar hanya a tsakiya, yadda marigayi ubansa ke yi. Wata takwas ina cewa ya bi ni gona yana cewa gobe. Ashe yana zuwa tasa.

MUJAHID: A can babu mai harbi, Goggo. Abin da ka shuka kana tarar da shi.

GOGGO: Hakanan ne.

MUJAHID: Goggo? Kina nan?

GOGGO: Ina nan, hayaƙin murhun Mairo ne ya shiga idona. Gonar na gama da ita, wannan ni zan yi wa Malam Tahir bayani, manomi ne, zai gane kafin in rufe baki. Saura jirgin. Shi suka riƙe, kuma har yanzu yana nan a kusurwa yana kallona. Ba zan tsaya gaban dattawa in ce Mujahid ya ce ba. Za su ce ɗan'uwansa ne. Ni ma haka na ce.

MUJAHID: To bari. Wayar Mairo ta shafawa ce?

GOGGO: Ta shafawa ce, gilashinta a tsage.

MUJAHID: Ɗora yatsa a can samanta, ki ja ƙasa, kamar kina sauke labule.

GOGGO: Na ja. Wasu 'yan da'irori sun fito. Fitila, ƙararrawa... Innalillahi! Mairo ma?

MUJAHID: Mi kika gani?

GOGGO: Jirgin! Shi ne, kamar an tsaga kara! Mairo mai ƙosai tana da musayyara?

MUJAHID: Kowace waya tana da shi. Taki, tawa, ta liman, ta Malam Tahir.

GOGGO: Ta Sa'id fa?

MUJAHID: Da duk wayoyin da ke jere a shagonsa.

GOGGO: Ka rantse.

MUJAHID: Wallahil azim.

GOGGO: To Allah ya kawo su. Ga sallama nan a ƙofa, ko raka'o'in ba su bari sun huce ba. Wa alaikumus salam! Ku shigo, Malam, ga tabarma nan a inuwa. A'a, ba ya nan, ni ce nan. Sa'id, har da kai? Madalla, kai nake nema. Matso nan kusa da ni.

MUJAHID: Goggo, ki ba ni Malam Tahir in yi masa bayani.

GOGGO: Kai yi shiru, manya na magana. Malam, ga abin nan, riƙe shi da hannu biyu, yana da nauyi, kada zafin ya ba ka tsoro. Kalli ruwan nan ka gaya mini ko tur'armu ce. Kai kuma Sa'id, ciro wayarka. Ciro mana, kunyar mi kake ji? Ja daga sama, kamar labule. Ja! To ɗaga ta dattawa su gani. Wannan na kusa da fitila, mi ne ne? Ɗaga murya, da safe ai da ƙarfi ka faɗa a bakin masallaci. Sunan wa za mu fara miƙawa, naka ko na Mairo?

MUJAHID: Goggo, ki dai kula, na wayar hannunki kada ki taɓa shi, kiran zai...

GOGGO: Kuma ba ya tashi da komai, Malam, ni da kaina na bincika. Ga na Mairo nan. Ku duba da kyau, in na taɓa shi haka...