Mai Bindiga da Mai Tulu

A mashigar kwale-kwale ta Mesolongi, washegarin rasuwar Baturen nan mawaƙi da ya zo taya mu yaƙar Turkawa, na ji wata tsohuwa mai tulu tana yi wa wani soja faɗa.

"Ɗana, matsa can da bindigar nan. Ku ne kuka hana bawan Allah cikawa cikin natsuwa."

"Inna, ranar Ista ce fa. Wa ke bikin Ista bai yi harbi sama ba?"

"Ai an yi shela, kowa ya tafi bayan gari ya yi harbinsa."

"Daga kan duwatsu na sauko, ban ji ba. Sau uku kacal na harba. Sai da baransa ya leƙo yana kuka na gane ƙarƙashin tagarsa nake." Ya shafa bindigar. "Wannan ɗin ma shi ya saya mana."

"Kai dai ka ji kunya."

"Ai ba ƙara ce ta kashe shi ba. An ce likitoci ne suka liƙa masa matsattsaku a goshi, jini ya ƙi tsayawa."

"Sha biyu ne kawai!"

"Ke ya aka yi kika san yawansu?"

Ta ja tsumma ta rufe bakin tulun.

"Ƙanana suka ce in kawo. Ni kuwa na shiga fadama har ƙugu, na zaɓo manya. Na ce baƙo mai daraja, ina ni ina kai masa ƙanana?"

Kwale-kwale ya iso. Sojan ya ɗaukar mata tulun, amma babu wanda ya iya kallon ɗan'uwansa.