Na Rufe Layi Don Fim Ɗin Koriya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki.

Ni Bello ne, mai injin casar shinkafa a Kalgo. Da gumina na sayi mota, ita kaɗai ce a danginmu. Jarabata ɗaya ce, fim ɗin Koriya mai fassara. In zan kalla, rufe layina nake kada kira ya katse ni.

Ranar Talata da la'asar haka na yi. Ashe mahaifiyarmu ta faɗi a Dangoma, yayana yana ta nemana in kai ta asibiti. Da bai same ni ba ya ɗauke ta a babur, a kan babur ɗin ta cika.

Wurin zaman makoki yayan nawa ya ce, "Bello, ina ka shige?" Na ce ba sabis.

Jama'a, ku ba ni shawara: in gaya mishi gaskiya?