Hoton Atamfa Ba Ya Zuba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Maman Safiya, mai sayar da atamfa a Kilomita Biyar, Bangui.

A da, mai saye takan jiƙa bakin zane ta murza, ta ga ko yana zuba. Yanzu a waya ake zaɓe, hoto kuwa ba ya zuba. Maƙwabciyata a kasuwa ta ce, "Hajiya, ki ƙara wa hoton haske mana, kowa haka yake yi." Na biye mata sau ɗaya. Sai ga wata Madam daga Miskine, wadda ta daɗe tana saye a wurina, ta dawo da zanen. Ta shimfiɗa shi kusa da wayarta ta ce, "Mama, wanne ne naki?" Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun ranar bidiyo nake turawa, in tsoma bakin zanen a ruwa in matse kowa ya gani. Wanda ya zuba, in faɗa. Madam ta dawo, har da ƙannenta biyu.

'Yan kasuwa, waya ba ta ƙarya, sai dai mai riƙe da ita. Ina gaida matan layin atamfa, har da wadda ta ba ni shawarar.